A Gyara Laburaren Kimiyya Kafin A Aza Sabon Tubali



Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi kira kan halin da ɗakunan karatu na tsangayoyin kimiyya suke ciki a jami'o'inmu. Ni malamin kemistiri ne a makarantar sakandare. Watan jiya na raka 'yata, wadda ke ajin ƙarshe a fannin nazarin ƙananan halittu, zuwa laburaren tsangayarsu neman abin da za ta rubuta kundin kammala digiri. A ɗakin nan ni ma na yi karatu sama da shekara 20 da suka wuce. Wallahi littattafan da na bari a kan kanta su na tarar, sai dai ƙura da gara da yoyon damina sun ci rabonsu.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne jadawalin sinadaran da ke manne a bango. Ya tsaya a lamba 109, alhali tun 2016 aka raɗa wa sinadarai huɗu na ƙarshe suna, jadawalin ya kai 118. Mun duba littattafan ilimin ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ambaci CRISPR, dabarar gyaran ƙwayoyin gado da aka bayyana a 2012, wadda ta sa mata biyu suka sami kyautar Nobel a 2020. Littafin adabi ko na tarihi yakan shekara 50 yana amfanar mai karatu. Na kimiyya kuwa kafin ya shekara goma an wuce wurin. To ɗalibin da ke dogaro da irin waɗannan littattafai da handawut ɗin malami, da wa zai yi gogayya idan ya fita duniya?

Na san za a ce babu kuɗi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Manyan mujallun bincike da dala ake biyansu, kuma bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a 2024. Amma ai hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu tana nan tun 2011, kuma cikin kason da take ba jami'o'i akwai na bunƙasa laburare. Matsalar ita ce idon shugabanni ya fi karkata ga gini, saboda shi ake yanke wa ƙyalle a ɗauki hoto. Kuɗin sabunta rajistar mujalla ba ya jawo tafi, shi ya sa ake barinsa ya ƙare ba wanda ya ce uffan.

Akwai ma abin da bai buƙatar dala mai yawa. Shirin Research4Life yana buɗe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi dubban mujallu kyauta ko a kan rahusa: Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2002, AGORA na harkar noma tun 2003, da OARE na muhalli. Da na tambayi ma'aikacin laburaren da ke bakin aiki, sai ya ce suna da rajista, amma lambar sirrin tana hannun wani jami'i da ya tafi hutu. 'Yata ta yi shekara huɗu a nan ba ta taɓa jin sunan shirin ba. Ban ga laifin ma'aikacin ba. Shi ma ba a horar da shi ba, kuma ya karɓe mu da mutunci.

Sai batun wuta. Kwamfutoci suna jere an lulluɓe su da leda, fanka a tsaye, ana kulle ƙofa da la'asar, daidai lokacin da ɗaliban kimiyya ke fitowa daga ɗakin gwaje-gwaje. Jami'ar Bayero ta sami tashar sola mai ƙarfin megawat 7.1 a 2019, wanda ya nuna cewa rana za ta iya haskaka makaranta. Laburare guda kuwa 'yan faranti da batura sun ishe shi ya kai ƙarfe goma na dare a buɗe.

Kada kuma a manta da kundayen digiri da ke jibge a sito. Binciken da yaranmu suka yi kan ruwan rijiyoyinmu da cututtukan gero da dawa yana ciki. A ɗauki hotonsu a sa a kwamfuta kafin gara ta gama da su.

Ina kira ga shugabannin jami'o'i da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa (NUC) da TETFund: kowace shekara a bayyana wa ɗalibai da iyaye nawa aka ware wa laburare, me aka saya, waɗanne mujallu aka sabunta. Mu kuma tsofaffin ɗalibai, kowane aji da ya yi taron sada zumunci ya sayi sababbin littattafai ko da goma ne ya kai wa tsangayarsa. Ni na fara, na kai sabon jadawalin sinadarai an manna a bangon.

 

Naku,
Malamin kimiyya daga Funtuwa, Jihar Katsina.