Gwamen Ƙafa Da Tuwon Yara

Duk malamin da ya taɓa jera 'yan aji ɗaya a fili da safe ya san irin yaron da mu ke nufi. Ƙafafunsa sun lanƙwashe kamar baka, ko kuwa gwiwoyinsa suna gugar juna, wuyan hannu ya kumbura, in ya ɗan yi gudu sai ya tsuguna yana kukan ƙafa. Iyaye su ce gado ne, ko su ce an yi saurin tsai da shi yana jinjiri. Likitoci kuwa suna kiran ciwon nan riket, watau ƙashin yaro ya kasa yin ƙwari sa'ad da ya ke girma, har nauyin jiki ya tanƙwara shi.

Littattafan kiwon lafiya sun daɗe suna ba da dalili guda, shi ne rashin bitamin D. Ba ƙarya suka yi ba. A Ingila ciwon ya addabi 'ya'yan talakawa cikin garuruwan masana'antu, inda hayaƙi ke tare rana. A 1919 Likita Edward Mellanby ya gwada da 'yan kwikwiyo, ya ga man hantar kifi yana warkad da su. A shekaran nan kuma wani likita a Jamus ya warkad da yara da hasken wata irin fitila. Daga baya aka gane fatar mutum ita ke yin bitamin ɗin in rana ta taɓa ta.

To, yaron da ke yini cikin rana tun hantsi har la'asar, ta ina ya rasa rana? Wannan ita ce tambayar da Likita Tom Thacher da abokan aikinsa suka bi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Suka tara yara 123 masu ciwon, suka kasa su uku. Kashi ɗaya aka yi musu allurar bitamin D, kashi ɗaya aka ba su kalsiyam, watau sinadarin da a ke gina ƙashi da shi, na ukun aka haɗa musu duka biyu. Bayan mako 24 aka sāke ɗaukar hoton ƙashinsu, aka auna jininsu. Cikin waɗanda suka sami kalsiyam, ko shi kaɗai ko a haɗe, wajen shida cikin goma sun warke. Cikin masu bitamin D kaɗai, biyu cikin goma ma ba su cika ba. An buga sakamakon a 1999. Ashe magini yana nan, tubali ne babu.

Dalilin kuwa yana cikin akushi. Yaran nan ba su samun fiye da wajen miligiram 200 na kalsiyam a yini, alhali masana da suka yi ittifaƙi a 2016 sun ce abin da ya kasa 300 rashi ne, sai ya haura 500 a ce ya wadatar. Da an yaye yaro sai a ɗora shi kan kunu da tuwon masara, ba nono. Masara ba ta da kalsiyam na kirki, ga shi kuma akwai wani abu cikinta da ke riƙe ɗan wanda ya samu, ya hana hanji tsotse shi.

Amma fa magana ba ta ƙare ba. Likitocin nan sun tarar yaran maƙwabta masu miƙaƙƙun ƙafafu su ma kusan abinci ɗaya su ke ci. Lalle akwai wani abu da ke sa wannan ya kamu wancan ya tsira, ba a kuwa gama gano shi ba. Saboda haka mu ke ganin kuɗin da hukuma za ta sa cikin irin wannan bincike ba asara ba ne. Wanda ke Landan ba shi da dalilin auna tuwonmu. In ba mu auna da kanmu ba, sai mu yi ta ba da maganin wata ƙasa.

Abin da ya fi faranta mana rai shi ne maganin ba na kanti ba ne. A Jos ɗin nan an gwada garin busassun ƙananan kifi da aka daka har da ƙayarsu, aka ga yana warkarwa. Kofi ɗaya na nono ya kusa ba da miligiram 300. Ga miyar kuka, ga zogale, ga riɗi, ga tamba wadda mutanen Filato ke nomawa. Sai dai mu ja kunnen jama'a: kanwa ba kalsiyam ba ce, kada a ɗura wa yaro ita da sunan gyaran ƙashi.

Ku malamai, kada ku ɗauka maganar kyaun ƙafa ce kurum. Yarinyar da ciwon ya matse wa ƙashin ƙugu tana ƙarama ita ce za ta sha wuya ran haihuwa, wani lokaci har a rasa uwa ko ɗa. Muna roƙon kowane hedimasta, ran da a ke rubuta sababbin yara, ya dubi ƙafafunsu da wuyan hannunsu, ya rubuta sunan wanda ya ga alama gare shi, ya kira uban ya aika da su asibiti tun ƙashi yana ɗanye. Ma'aikatan ƙananan hukumomi masu tsara abincin makaranta kuma su ware kuɗin nono ko busasshen kifi cikin kasafin kowace shekara.