Inshorar lafiyar talaka lambar akawun ce a Facebook

1/ Jama'a, a satin nan sau nawa kuka ga hoton mara lafiya da lambar akawun a ƙasa, ana cewa a taimaka don Allah? To wannan ita ce inshorar lafiyar talakan Najeriya. Ku biyo ni a hankali.

2/ NHIS ta fara aiki a 2005, kuma ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi morar ta. A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a dokar NHIA, wadda ta wajabta inshora ga kowa. Madalla. Amma ɗan adaidaita da mai tuyar ƙosai, wa ya je ya yi musu rajista?

3/ Mai katin ma bai tsira ba. Babanmu ma'aikaci ne, duk wata ana cire kuɗin inshora daga albashinsa. Na raka Umma asibiti da katinta, hawan jini ya tashi. Tun asuba muke kan layi. Likita ya rubuta magani kala huɗu, aka ba mu ɗaya, aka ce sauran babu, mu saya a waje. Wallahi sai da muka ci bashi ranar.

4/ Me ke jawo haka? A tsarin tarayya, kamfanonin HMO ke biyan asibiti ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mai kati. Shekara da shekaru N750 ne. Eh, ɗari bakwai da hamsin! An ƙara daga baya, amma tun 2023 da naira ta faɗi, kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabi. Shi ya sa asibiti ke fifita mai kuɗi a hannu, kai mai kati ka zauna a benci.

5/ Abin haushi, a Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi fannin lafiya. A gidanmu aka yi taron, amma har yau gwamnatin tarayya ba ta cika ba. Likitocinmu kuma kullum sai guduwa suke Saudiyya da Ingila. Katin ne zai duba ka?

6/ Wasu za su ce a watsar da inshorar kawai. A'a fa. Tsarin taimakekeniya ne: mutum dubu su zuba kaɗan-kaɗan, wanda ciwo ya kama a yi masa magani. Abin da muke yi ke nan a Facebook, sai dai can sai an baza hoton mahaifiyarka a kan gado kafin a tausaya. Wanda ba shi da mabiya kuma ya mutu shiru.

7/ Kuma akwai haƙƙinmu da ba ma tambaya. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun BHCPF, don ƙananan asibitoci da yi wa marasa ƙarfi rajista kyauta. Jihohi na da hukumominsu, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna.

8/ Don haka gobe ku leƙa asibitin mazaɓarku. Ku tambaya: kuna cikin BHCPF? Mutum nawa aka yi wa rajista? Wane magani ke cikin kabad? Ku dawo nan ku rubuta amsar da sunan mazaɓa. Ɗan majalisa ya zo da taliya, ku ajiye masa ita a gabansa.

9/ Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Umma dai na samun sauƙi, bashin ne muke kan biya.