Filin Mai Koyarwa: Tsohon Soja da Takardar "A'a"

A watan jiya, bayan mun tashi daga karatun dare, wani tsoho ɗan mazan jiya ya zo da jikansa. Ya miƙo mini wata takarda ta faransanci, ya ce: "Malam, karanta mini." Ya yi soja a yaƙin Aljeriya, wanda aka yi daga 1954 zuwa 1962, ya dawo da rauni a ƙugu. Ya roƙi ƙarin kuɗin rauni don ya daina iya noma. Amsar da ta zo ita ce a'a. Na duba kwanan wata, sai na ga takardar ta yi wata 4 a cikin akwati.

Na ce: "Baba, me ya hana ka zo tun da wuri?" Ya ce ai ya ɗauka magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Tun 1 ga Nuwamba 2019, tsohon sojan Faransa da aka hana wa fanshon rauni yana fara kai kukansa gaban wani kwamiti na musamman, cikin wata 6. In kwamitin ma ya ƙi, sai kotu. Saboda haka ranar da takarda ta zo, a rubuta ranar, a adana ambulan ɗin, a nemi mai karatu tun kafin a kwana.

Ga inda mutanenmu suke faɗuwa. Likita yakan rubuta "ciwon ƙugu" kawai ya sa hannu. Wannan bai isa ba. Dokar tana son a nuna cewa raunin ya ƙaru da kashi 10 bisa 100 aƙalla, kuma raunin soja ne ya jawo ƙarin. To, a gaya wa likita komai dalla-dalla: tun wace damina aka aje hauya, ko ana iya duƙawa, ko ana iya tafiya kasuwa da ƙafa, wa yake noma gonar yanzu. Tsofaffinmu suna da kunyar faɗin ciwo. In aka tambaye su, sai su ce "da sauƙi". Wannan kalma ta gaisuwa ce, kada a kai ta ɗakin likita.

Wanda gara ta cinye littafinsa na soja, kada ya yanke ƙauna. Ana aje takardun sojojin Afirka na wancan zamani a garin Pau, can Faransa, kuma ana iya rubutawa a roƙi kwafi.

Masu cewa talaka ba ya ja da gwamnatin Turawa, ku ji wannan. A 1959 Faransa ta yi doka ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ta mallaka. Wani tsohon saje na Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, kuma a 2001 babbar kotun mulki ta Faransa ta ba shi gaskiya, ko da yake bai ga ranar ba, ya riga ya rasu. A 2007 aka daidaita kuɗin rauni da na Faransawa.

Ni da jikan Baba mun rubuta ƙarar a daren nan, da fitilar cibiya. Ranar kasuwa ya tafi gidan waya, na ce ya karɓo shaidar aikawa ya kawo mu aje.