Sharhi: Wa Zai Tsare Badala da Filayen Jama'a a Kano?

Sharhinmu na yau a kan ƙasa ne, irin ƙasar da babu mutum ɗaya da zai bugi ƙirji ya ce tasa ce, domin ta kowa ce: badalar birnin Kano, kududdufan da ke gindinta, filin Idi, harabar makarantu, gefen maƙabartu, da ɗan filin da yaran unguwa ke buga ƙwallo bayan la'asar. Shekara da shekaru ke nan ana yanka waɗannan wurare fuloti-fuloti, ana dasa gidaje da shaguna a kansu. Duk wanda ya buɗe baki a kan lamarin, gwamnati yake kallo, ko dai ya zage ta don ta sayar, ko ya yabe ta don ta rushe. Ni a ganina wurin da ya kamata a kalla shi ne unguwa. Filin jama'a yana tsira ne idan mutanen da ke kwana kusa da shi sun haɗa kai, sun san takardunsa, suna amfani da shi, kuma sun tashi tsaye tun kafin a aza harsashin gini. In babu wannan, doka da katafila duk a makare suke zuwa.

Mu fara da sanin abin da ake asara. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya soma ginin ganuwa, sarakunan da suka biyo baya suka ci gaba, har Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Maginan ba gidaje kaɗai suka kewaye ba. Sun sa Dala da Goron Dutse a ciki, suka bar gonaki masu faɗi domin in abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya, mutane su ci daga abin da suka noma. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar da babban yanki na cikin birni fili ne da gonaki. Ƙasar da aka yi ginin da ita kuwa daga nan kusa aka haƙo ta, ramukan da aka bari suka zama kududdufai, su kuma suka riƙa shanye ruwan damina kafin ya shiga ɗakunan mutane. Wato ganuwa da fili da kududdufi tsari ɗaya ne, kowanne na riƙe da ɗan'uwansa. An ayyana ganuwar a matsayin kayan tarihi na ƙasa, kuma a 2007 Najeriya ta shigar da ita, haɗe da Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Tsohon garin Agadez a Nijar ya samu wannan matsayi a 2013. Kano tana nan a layin jira, abin da za ta nuna wa masu dubawa kuwa kullum raguwa yake.

Yadda ake cin badala ba a ɓoye yake ba, kuma ba da rana ɗaya ake yi ba. Wani ya zo da amalanke ya kwashi ƙasa daga gindinta don yaɓen gidansa. Damina ta zo ta zaftare wurin da aka rarake. Mai shayi ya jingina rumfarsa, bayan shekara rumfar kwano ta koma ta bulo. Kududdufi kuwa da shara ake fara kashe shi: yara su zuba, masu kura su zuba, har bakinsa ya yi tauri. Sai tifa ta juye jar ƙasa a kai, wata safiya a wayi gari an kafa turaku masu jan fenti, dillali na zagayawa da igiyar awo. Duk wannan a gaban idon maƙwabta ake yinsa, kuma tsakanin shara ta farko da turken farko akan ɗauki shekaru. Wannan tazara ita ce damar unguwa. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, da aka kafa a 1979, ba ta da ma'aikatan da za su tsaya gadi daga Ƙofar Nasarawa zuwa Ƙofar Kabuga dare da rana. Mutumin da tagarsa ke kallon wurin, shi yake ganin tifar farko.

Wani zai ce ai an ga gwamnatin da ta yi maganin abin. To, mu duba abin da ya faru a 2023 da idon basira. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje, wadda ta yi mulki daga 2015 zuwa 2023, ta ba da filayen gwamnati da dama ga 'yan kasuwa, tana cewa haɗin gwiwa ne don raya birni da samun kuɗin shiga. Magajinsa Abba Kabir Yusuf ya gargaɗi masu gini a irin waɗannan wurare tun kafin a rantsar da shi ranar 29 ga Mayu, kuma cikin kwanaki kaɗan aka fara rusau: Filin Sukuwa, tsohon otal ɗin Daula, sansanin alhazai, da shagunan da suka kewaye filin Idi. A watan Satumba na wannan shekarar babbar kotun tarayya ta umarci gwamnatin jiha ta biya masu shagunan filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko mutum yana goyon bayan rusau ko yana adawa da shi, lissafin ɗaya ne. Jama'a sun rasa filinsu na wasu shekaru, waɗanda suka sayi shaguna sun ga dukiyarsu ta zama ɓaraguzai, sannan aka ɗebi diyya daga baitulmalin da na jama'ar ne. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Alƙalamin da ya bayar shi ne zai iya sokewa, wanda ya soke kuma wani zai gaje shi. Filin da kariyarsa ta rataya a kan ra'ayin mutum ɗaya, wa'adinsa shekara huɗu ne ko takwas.

Hujja mafi nauyi a kan masu kare fili ita ce ta muhalli, kuma bai kamata a raina ta ba. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum sama da miliyan 9, kuma kowa ya san an ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Akwai magidancin da ke kwana da 'ya'ya shida a ciki da falo, mai gida na ƙara masa kuɗin haya duk shekara. In ka ce masa a bar tulin ƙasa saboda tarihi, yana da haƙƙin ya tambaye ka ina zai sa iyalinsa. Amma a tambaya, shi ne ke samun fulotin? Abin da ya tashi a filin Idi da Filin Sukuwa shaguna ne. Fili a tsakiyar birni tsadarsa ta fi ƙarfin ma'aikaci da ɗan tireda, mai kuɗi ne ke saye ya gina abin da zai ba da haya. Talaka yakan shigo lissafin ne daga baya, ranar da ruwan da ya saba kwanciya a kududdufi ya rasa wurin zuwa, ya biyo lungu ya jiƙe katangar ƙasa ta faɗa a kan masu barci. 'Yan kasuwar Kantin Kwari sun ɗanɗani irin wannan a daminar 2022, lokacin da ruwa ya shiga shaguna ya lalata atamfa da shadda na maƙudan kuɗi, kuma da yawansu gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa suka ɗora wa laifi. Sannan a tuna rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina a wajen gari, waɗanda da yawa daga cikinsu suka daɗe babu kowa a ciki. Wannan ya nuna cewa matsalar muhalli a Kano ta farashi ce da hanya da ruwan sha da motar zuwa aiki. Ko an cike kududdufan birni kaf, ba za ta warware ba.

Hujja ta biyu ta fi ciwo, domin gaskiya ce tsagwaronta. Da yawa daga cikin wuraren da ake cewa a kare sun zama bola, wurin bahaya, matattarar sauro da maɓoyar masu shaye-shaye da ƙwacen waya. Uwar da ke tsoron aiken 'yarta ta wuce ta bayan badala bayan magariba, in aka ce za a gina wurin a sa fitila, hamdala za ta yi. A nan ne nake ganin darasin Nairobi ya dace da mu. A 1998 aka gano an rarraba wani yanki na dajin Karura, mai faɗin kusan hekta 1,000 a gefen babban birnin Kenya, ga kamfanoni don gina gidajen masu hali. Wangari Maathai da matan ƙungiyarta ta dashen itatuwa, wadda ta kafa a 1977, suka riƙa zuwa wurin da ƙananan itatuwan dashe a hannu. A watan Janairun 1999 'yan bangar da aka ɗauka gadi suka far musu da bulala da kulake, aka fasa mata kai. Ɗaliban jami'a suka fito, malaman addini suka sa baki, a ƙarshe aka dakatar da ginin. Ba duk abin da aka yi a can ne abin koyi ba, domin an ƙona motocin aiki, kuma wannan hanya ce da ke mayar da mai gaskiya mai laifi. Abin koyin ya zo ne bayan shekara goma. Dajin da aka ceto ya ci gaba da zama wurin da 'yan fashi ke fakewa, har a 2009 mazauna kewayensa suka kafa ƙungiya, suka yi yarjejeniya da hukumar gandun daji, suka tara kuɗi aka yi shinge, aka ɗauki matasan unguwannin talakawa da ke maƙwabtaka aikin gadi da share hanyoyi. Yau iyalai da 'yan makaranta ke cika shi. Mai sha'awar yanka shi yanzu ya san da dubban mutanen da ke shigarsa zai yi faɗa.

Mu ma ba baƙin irin wannan ba ne. Hausawa sun san hurumi, sun san burtali da makiyaya, sun san wakafi, dukiyar da aka tsayar don amfanin al'umma wadda ba a sayarwa ba a gado. Sun san aikin gayya. Unguwannin Kano cike suke da ƙungiyoyin sa kai da ke yashe kwatami kafin damina, suna katange maƙabarta, suna biyan 'yan sintiri da karo-karo. Abin lura shi ne, maƙabartar da aka katange ake kuma ziyarta ta fi wadda aka yi wa sakaci tsira daga masu cin iyaka. Ƙwarewar tana nan, ba a dai juya ta zuwa ga badala da kududdufi ba, domin an saba ɗaukarsu kayan gwamnati.

Akwai masu tsoron cewa duk wata ƙungiya irin wannan za ta zama karen farautar 'yan siyasa, ta yi ihu idan abokan hamayya ne suka yanka fili, ta yi gum idan nata ne. Tsoron yana da tushe, a garin da launin hula ke raba 'yan uwa. Maganinsa shi ne ƙungiya ta ɗaure kanta da wuri guda mai suna da iyaka, wannan kududdufin, wannan filin makarantar, badala daga wannan ƙofa zuwa waccan, ta kuma rubuta matsayinta tun kafin a san wanda zai ci zaɓe. A zaunar da mai unguwa da limami da shugaban makaranta da matan unguwa, waɗanda su ne suka fi sanin inda ruwa ke bi. A nemo ɗaliban nazarin ƙasa daga Jami'ar Bayero su auna wurin su zana taswira, a ɗauki hotuna masu kwanan wata. A rubuta wa hukumar tsara birane ta KNUPDA da ma'aikatar ƙasa a nemi sanin matsayin filin a takardunsu, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta buɗe ƙofar irin wannan tambaya. A ajiye kwafi a wurin hakimi da wurin lauya. Irin wannan shiri yana kare har mai saye da kyakkyawar niyya, wanda ya tara guminsa ya ba dillali bai san a kan hanyar ruwa aka sayar masa ba. Allo guda da aka kafa a bakin fili, mai ɗauke da sunan unguwa da bayanin cewa wurin na jama'a ne, ya fi masa amfani fiye da diyyar da zai yi shekaru yana bi a kotu.

Ba kowane taku na badala ne zai dawo ba, kuma ban ga hikimar korar iyalan da suka shekara talatin a inda ganuwa ta riga ta shafe ba. Abin da ya rage a tsaye shi ne abin magana, kuma ana iya ƙirga shi. Abin da nake nema daga majalisar dokokin jiha shi ne doka mai jerin sunayen filaye da kududdufai da sassan ganuwar da suka saura, wadda za ta hana gwamna, kowane ne shi, sauya amfaninsu sai an yi zaman jin ra'ayin jama'a a unguwar da abin ya shafa. Jerin kuwa daga unguwanni zai fito, domin ma'aikatar da ke yanka fili ba za a bar mata ita kaɗai ta faɗi wanda ya rage ba.