“Ai ta Gargajiya ce”

Duk sa'ad da aka kama wani da bindigar maƙeri a Damagaram, sai ka ji dattawa sun taso: a yi haƙuri, ai ta gargajiya ce. Wai ita ba makami ba ce, kayan Sallah ce da korar birai daga gona. Ni wannan magana ta ishe ni.

Mu fara da gargajiyar tamu. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, bai kewaye Birnin Zinder da ganuwa don ado ba. Maƙeran Zinder sun zuba masa igwa, aka haɗa albarushi a cikin gari, aka ƙara da bindigogin da ayarin Tarabulus ke kawowa, har Kano ta riƙa kwana da ido ɗaya. Abin da ya sa ake shakkar Damagaram ke nan, yau kuma jikoki na cewa wasan yara ne.

Asalin raba bindiga gida biyu ma ba namu ba ne. A 1890 Turawa suka zauna a Brussels suka yanke cewa a sayar wa baƙar fata bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa, amma mai cin harsashi ta zama haramiyarsa. Sun san abin da suke yi: shekara tara bayan haka, a yaƙin Tirmini, aka ga bambancin, sojan Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka watse a gaban Turawa. Nasara dai ya raba bindiga bisa aikinta. Mu muka koma rabawa bisa suna.

Je ka hawan Sallah ƙofar fada ka kalli ɗan bindiga. Zai zuba albarushi ta baki, ya cusa tsumma, ya daddanna da sanda, ya ɗaga sama. Ƙara, hayaƙi, guɗa. Kafin ya sake ɗurawa ka sha ruwa ka goge baki. Wannan ita ce adaka, kuma ban ce a taɓa ta ba. To amma wadda ake karyawa a tsakiya a zura mata harsashin kanti fa? Da gajeruwar da ke shiga aljihun riga? Su ma daga maƙera suka fito, su ma “ta gargajiya” ake ce musu, alhali ba mai farautar zomo da bindigar aljihu.

A Amurka, inda son bindiga ya zama ciwo, ɗan akwatin da ke riƙe da kunamar bindigar AR-15 shi doka ke kira bindiga, shi ke ɗauke da lamba, ko da ba a ɗaura masa baki ba. Abin da aka fara haɗawa da shi ke nuna ko doguwa ce ko ƙarama, kuma tun dokar 1934 doguwar da aka gajarta bakinta hukuncinta daban ne. Yau iyakar tsawon bakin inci 16 ce. Har kotu suke zuwa kan wannan. Ka yi musu dariya in ka so, yawan dokar bai hana su kashe juna ba. Amma sun san abin da suke gardama a kai.

Za a ce mini ainihin bala'in kalashnikof ce da ta kwararo daga Libiya bayan 2011. Gaskiya ne. Sai dai ɗan fashin da ke tare hanyar Magaria ko Matameye ran kasuwa ba kullum yake da kuɗinta ba. Ta maƙeri yake saye.

Hukumar gwamnati ta CNCCAI tana tattara makamai tun 1994. Tattarawa kaɗai ba ta isa ba. A zauna da sarkin maƙera a raba: mai ci ta baki a buga mata tambarin wanda ya ƙera ta, a rubuta sunan mai ita a fada; mai cin harsashi, doguwa ko gajeruwa, ta bi layin takardar izini kamar ta kanti. Maƙeri ya san wace ya ƙera, ya kuma san wanda ya zo da dare ya ce a rage mata tsawo.