Sharri, Ƙaddara da Sulhu: Abin da Kudancin Katsina Zai Tsinta a Tsohuwar Muhawarar Ma'abota Littafi

A asubahin Talata, 19 ga Agustan 2025, 'yan bindiga suka buɗe wuta kan masallata a Unguwar Mantau da ke Ƙaramar Hukumar Malumfashi, suka kashe gomman bayin Allah. Kafin nan, a Disambar 2020, an kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Daga Faskari zuwa Sabuwa da Ɗandume, ƙasar masara da dawa da auduga, manoma da yawa sun bar gonakinsu, wasu kuwa sai sun biya haraji kafin su girbe abin da suka shuka. A wurin ta'aziyya ana cewa ƙaddara ce, kuma gaskiya ne. Sai dai tambayar da ke cin zukatan ɗalibai ita ce: idan ƙaddara ce, ina alhakin wanda ya harba bindiga?

Tambayar ta girmi zamaninmu. Majusawa sun warware ta da cewa akwai tushen alheri daban, tushen sharri daban. Addinin Yahudu, kamar Musulunci, ya ƙi wannan rabo, ya tsaya kan Ubangiji ɗaya. Malaman Talmud, babban kundin fiƙihunsu, sun koyar da cewa a zuciyar mutum akwai karkata zuwa alheri da karkata zuwa sharri, kuma shi ke zaɓa. Malamanmu sun kasa labaran Bani Isra'ila gida uku: abin da ya dace da wahayi, da abin da ya saɓa masa, da wanda ba a gaskata shi ba a ƙaryata. Da wannan ma'auni za a duba abin da ke tafe, kuma duba shi bai shafi hukuncin da mutum ke yi wa siyasar ƙasar Isra'ila ba.

Musa bin Maimun, malamin Yahudu da aka haifa a Ƙurɗuba, ya yi likitanci a Masar a zamanin Salahuddin, ya rasu a 1204. A littafinsa Dalalatul Ha'irin, wanda ya rubuta da Larabci, ya kasa sharri kashi uku: wanda ke zuwa daga raunin halittar jiki da yanayin duniya, kamar cuta da girgizar ƙasa, wanda mutane ke yi wa junansu, da wanda mutum ke jawo wa kansa, wanda ya ce shi ne mafi yawa. Amfanin wannan rabo a wurinmu a fili yake. Fari da ambaliya suna neman haƙuri da tanadi. Kisan masallata kuwa aikin hannun mutum ne: akwai mai harbi, da mai sayar da makami, da ɗan leƙen asirin da ke cikin gari, da jami'in da ya yi sakaci. Ahlus Sunna sun tabbatar da ƙaddara, sun kuma tabbatar da cewa ba ta zama hujja ga mai laifi. Sayyidina Umar ma ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham lokacin annoba, bai ɗauki hakan saɓa wa ƙaddara ba.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne batun sulhu. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi sulhu da 'yan bindiga a 2019, bai ɗore ba. A 2025 wasu ƙananan hukumomi, har da Faskari, sun sake zama da su, aka ga hotunansu rataye da makamai a wurin taron. Ba za a zargi manomin da ke son komawa gona don ya karɓi tsagaita wuta ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Amma kada a kira tsagaita wuta tuba.

Mishna, wadda aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, ta hukunta cewa azumin Yom Kifur, ranar kaffararsu mafi girma, ba ya kankare laifin da mutum ya yi wa ɗan'uwansa sai ya nemi yardarsa. Bin Maimun ya ƙara da cewa cikakkiyar tuba ita ce mutum ya sake samun damar aikata laifin, da ƙarfinsa, amma ya bari. Ɗalibin fiƙihu zai gane wannan nan take, domin sharuɗɗan tuba a wurinmu su ne nadama, da barin laifi, da ƙudurin rashin komawa, da mayar da haƙƙin bayi.

Saboda haka duk zaman sulhu a auna shi da tambayoyi huɗu: an saki waɗanda ake tsare da su? An daina karɓar haraji? An ajiye makamai? An saurari marayu da zawarawa, da makiyayan da aka kashe musu dangi ba da laifi ba? Shugaba yana iya kulla yarjejeniya saboda maslaha, amma ba shi da ikon yafe jinin da ba nasa ba. Wajibin masu huɗuba a Funtua da Malumfashi ne su haɗa wa'azin haƙuri da kiran adalci.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya mayar da manomanmu gonakinsu lafiya.