Mu Zaga Duniya: Zermatt, ƙauyen da mota ba ta shiga

 A wannan makon za mu bar zafi a baya mu nufi Turai, can ƙasar Suwizalan, inda tsaunukan Alps suka raba ta da Italiya. Masu karatun labarin ƙasa sun san sunan Alps a littafi, cikin jerin tsaunukan da suka samu bayan ɓawon ƙasa ya matsu har ya naɗe ya yi sama. To amma fa akwai mutanen da ke kwana suna tashi a cikinsu, suna kiwo, suna kai yara makaranta. Ƙauyen da muka zaɓa shi ne Zermatt, a jihar Valais da ke kudancin ƙasar. Mutanensa wajen 6,000 ne, Jamusanci suke yi, kuma yana zaune a ƙarshen wani dogon kwari, mita 1,600 sama da matakin teku. Jos da muke yabon sanyinta ba ta wuce mita 1,200 da 'yan kai ba.

Ko kai wane ne, ba za ka shiga Zermatt da motarka ba. Sai ka ajiye ta a Täsch, wani ƙauye da ke da nisan kilomita 5, ka hau jirgin ƙasa na minti 12. A cikin gari ƙananan motocin lantarki ne ke ɗaukar kaya da baƙi, sai keken doki, sai keke, sai kuma ƙafa. Motocin agaji da makamantansu ne kawai aka ɗaga wa ƙafa. Kwarin matsattse ne, da an bar hayaƙi ya taru a cikinsa da ya rufe abin da mutane ke biyan kuɗi su zo gani. Mu dai wannan doka ta fi komai burge mu a garin. Tsaunin samunsa suka yi a nan, amma hana mota su suka zauna suka yanke, suka kuma yarda su taka da ƙafa kamar kowa.

Kafin mu ɗaga kai sama, bari mu leƙa tsohuwar unguwar garin da ake kira Hinterdorf. A nan akwai ɗakunan katako da rana ta ƙona har suka yi baƙi, wasu tun ƙarni na 16 suke tsaye. Ku dubi rumbunansu da kyau. An ɗora su a kan gajerun ginshiƙai, a kan kowane ginshiƙi kuma an kifa wani faffaɗan dutse kamar faifai. Ɓera zai hau ginshiƙin, amma in ya zo ƙarƙashin faifan sai ya rasa ta inda zai kewaye. Duk wanda ya taɓa ganin rumbun gero a kan duwatsu a ƙauyensu ya san matsalar ɗaya ce. Waɗannan rumbuna suna tuna mana cewa kafin baƙi su fara zuwa, mutanen nan talakawan manoma ne da makiyaya, masu tattalin hatsi da busasshiyar ciyawa don su tsallake watannin ƙanƙara. Har yanzu ana kiwon tumakinsu masu baƙar fuska da yalwar gashi, kuma da bazara ana kora garken awaki, rabin jikinsu baƙi rabi fari, ta babban titin gari, baƙi na ta ɗaukar hoto.

Sai kuma mai gayya mai aiki, wato tsaunin Matterhorn. Tsayinsa mita 4,478, kuma yana tsaye shi kaɗai kamar haƙorin da aka fiƙe. Wanda ya taɓa riƙe kwalin cakulan Toblerone na da ya ga hotonsa. Mun ce na da ne saboda a 2023 kamfanin ya cire shi, bayan ya mayar da wani ɓangare na aikinsa ƙasar Sulobakiya, dokar Suwizalan kuwa ba ta yarda a manna alamominta a kan kayan da ba a cika sharuɗɗan yinsu a gida ba.

Labarin hawansa na farko ya cancanci mu ɗan zauna a kansa, don shi ya fitar da sunan Zermatt duniya. Ranar 14 ga Yuli, 1865, mutum bakwai suka kai ƙololuwar tsaunin, a ƙarƙashin wani Baturen Ingila mai suna Edward Whymper, ɗan shekara 25. Tsere suke yi da wata tawaga da ta taso ta ɓangaren Italiya, suka kuwa riga ta. A hanyar saukowa, dukkansu a ɗaure da igiya, sai ƙafar Douglas Hadow ta zame. Shekararsa 19, kuma shi ya fi kowa ƙarancin sabo da hawa. Ya faɗa kan jagoransu Michel Croz, su biyun suka ja Charles Hudson da Francis Douglas mai shekara 18. Igiyar da ta haɗa su da sauran ukun ta tsinke, mutum huɗu suka tafi. Whymper ya tsira, shi da jagorori biyu 'yan garin, uba da ɗansa, masu suna Peter Taugwalder. An yi ta tsegumin cewa yanke igiyar aka yi, amma binciken hukuma bai tabbatar da haka ba. Abin da aka sani shi ne, a cikin igiyoyin da suka tafi da su, wadda ta fi rauni aka ɗaura a wurin. Guntunta na nan a gidan tarihin garin, a cikin gilashi.

Abin mamaki, wannan masifa ba ta kori mutane ba, sai ma ta jawo su. Jaridun Turai suka cika da labarin, kowa na son ganin tsaunin da ya ci mutum huɗu. A 1871 Lucy Walker ta zama mace ta farko da ta hau shi, ƙannenmu mata ku riƙe wannan. A 1891 layin dogo ya iso garin. Daga 1865 zuwa yau fiye da mutum 500 ne suka rasu a kan Matterhorn, kuma akwai maƙabarta ta musamman ta mahawa tsauni a tsakiyar gari, kusa da coci.

Mu ba hawan ƙololuwa ya kawo mu ba, yawon ƙafa za mu yi, shi ma kuma yana da ƙa'ida. Suwizalan na da hanyoyin ƙafa masu alama da suka kai kilomita 65,000. Alluna rawaya suna nuna hanyar da kowa zai iya bi. In ka ga an shafa fari da ja da fari a jikin dutse, hanyar tsauni ce, tana son takalmi mai riƙe ƙasa da mutumin da ba ya jin jiri. In kuwa fari da shuɗi da fari ne, ta ƙwararru ce masu kayan aiki, irinmu sai mu juya. Allunan ba kilomita suke rubutawa ba, awa da minti suke rubutawa, domin kilomita ɗaya a kan tudu ba ɗaya take da kilomita ɗaya a fili ba.

Hanyar da ta fi dacewa da baƙo ita ce ta tafkuna biyar. Ana hawa wani jirgi da ke bi ta cikin rami a jikin dutse zuwa Sunnegga, daga nan a shiga akwatin da ke tafiya rataye a kan igiyar ƙarfe zuwa Blauherd, mita 2,571. Ku lura, tun ba mu fara taku ba mun riga mun wuce Chappal Waddi da ke Taraba, wanda shi ne wuri mafi tsawo a Najeriya, mai mita 2,419. Tafiyar kusan kilomita 10 ce, awa biyu da rabi zuwa uku, yawancinta gangara. Tafkin farko, Stellisee, shi ne na masu hoto: in aka yi sammako iska ba ta taso ba, Matterhorn zai fito a cikin ruwan a kife, tsaf kamar a madubi. Grindjisee yana cikin itatuwa da furanni. Moosjisee kuwa ruwansa kamar an zuba madara, saboda garin dutsen da ƙanƙara ta niƙa ta zubo da shi. A hanya za ku ji wani fito mai kaifi daga cikin duwatsu. Ba mutum ba ne, wata dabba ce dangin kurege amma ta fi shi ƙiba, tana gargaɗin 'yan'uwanta cewa ga baƙi nan. Da sanyi ya shigo sai ta shige rami ta yi barcin wajen wata shida.

Wanda ƙafa ta gaza masa yana da jirgin Gornergrat, wanda aka buɗe tun 1898. Jirgin lantarki ne mai haƙora a ƙarƙashinsa, suna cizon wani layi na uku a tsakiyar dogo don kada ya sulale baya. Cikin kimanin rabin awa zai kai ka mita 3,089, inda ake hango ƙololuwa 29 da kowace ta haura mita 4,000, har da Dufourspitze mai mita 4,634, wadda ta fi kowace tsawo a ƙasar. Kuɗin tikitin dai ba na ɗalibi ba ne. Zermatt gari ne mai tsada ko a ma'aunin Turawa, shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi kan sayi burodi da cuku a kanti su sa a jaka, su hau rabin hanya a jirgi su sauko da ƙafa.

A can sama jiki kan faɗa wa mutum gaskiya. A mita 3,000 nauyin iska bai wuce kashi 70 cikin 100 na wanda ke bakin teku ba, don haka kowane numfashi iskar da yake kawowa ta ragu. Saurayin da ke buga ƙwallo minti 90 a filin makaranta zai iya tsayawa yana haki bayan 'yan matakala. Ciwon kai da tashin zuciya alama ce ta a sauko, ba a cije ba. Rana kuma tana ƙuna ko da ana jin sanyi, baƙar fata ma ba ta tsira ba, kuma hasken da ke dawowa daga ƙanƙara yana iya lahanta ido. Hadari kan taso da yamma ba sallama. Saboda haka mutanen wurin suke fita da sassafe, da rigar ruwa a jaka ko da sama tana tas, su kuma faɗa wa wani hanyar da za su bi. Garin na da kamfanin jiragen ceto masu saukar ungulu tun 1968, kuma ba ya rasa aiki.

Daga Gornergrat, in aka dubi ƙasa, ana ganin kogin ƙanƙara na Gorner. Dusar ƙanƙara ce ta ɗaruruwan shekaru da ta danne kanta ta zama kamar dutse, tana gangarowa a hankali yadda ido ba ya gani. A gefen kwarin akwai tabo a jikin duwatsu da ke nuna inda ta taɓa kaiwa, yanzu ta yi ƙasa sosai da wurin. Masana a Suwizalan sun auna cewa kogunan ƙanƙarar ƙasar sun yi asarar kashi 6 cikin 100 na girmansu a 2022, da wani kashi 4 a 2023. Kashi ɗaya cikin goma ke nan a shekara biyu. A 2023 ɗin ne kuma narkewar ta fito da gawar wani Bajamushe da ya ɓace tun 1986 a kogin ƙanƙara na Theodul, kusa da garin.

Wannan ba maganar kyan hoto ba ce kawai. Ƙanƙarar da ke cikin tsagogin duwatsu ita ke riƙe su kamar siminti, in ta narke sai su saki. A watan Yunin 2024 ambaliya ta yanke hanyar shiga Zermatt, jirgi ya daina zuwa. A ranar 28 ga Mayu, 2025 kuwa, a wani kwarin na jihar Valais, kogin ƙanƙara na Birch ya rufto ya binne mafi yawan ƙauyen Blatten. Da yake masana na sa ido a kan tsaunin, an kwashe mutanen ƙauyen su kusan 300 tun kwanaki kafin abin ya faru, har da dabbobinsu, wata saniya ma da jirgi mai saukar ungulu aka ɗauke ta. Mutum ɗaya ne ya rasa ransa. Gidaje da cocin da kakanninsu suka gina duk suna ƙarƙashin ɓaraguzai.

Ga aikin gida na wannan makon, ku gwada kafin malamin labarin ƙasa ya riga mu tambaya. A ƙa'ida, duk mita 1,000 da aka hau zafi kan ragu da kimanin digiri 6.5. In ma'auni ya nuna digiri 20 a cikin Zermatt, a Gornergrat zai kasance wajen digiri 10. To ƙololuwar Klein Matterhorn, da ake zuwa kusa da ita a akwatin igiya, tana mita 3,883. Nawa ma'auni zai nuna a can, kuma wace irin riga za ku sa a jaka? Amsa sai mako mai zuwa.